Abubuwan da ya kamata ka sani idan zama da mahaifiyarka ya yi maka wuya

Akwai mutanen da in wayarsu ta yi ƙara suka duba suka ga "Hajiya" ko "Umma" ko "Inna", sai gabansu ya faɗi. Ba yara ba ne. Wani magidanci ne mai 'ya'ya biyar, wata malamar makaranta ce da ta aurar da 'yarta ta fari. Za su ɗauka su gaida ta cikin ladabi, su saurari faɗa da gori na rabin awa suna "to, Allah ya huci zuciyarki", su ajiye wayar, su wuni ba su iya cin abinci ba. Kuma ba sa gaya wa kowa.

A ƙasar Hausa kana iya yin kuka da mahaifinka a saurare ka. Kana iya yin kuka da kishiyar uwa, har a taya ka. Amma ka buɗe baki ka ce mahaifiyarka tana ƙuntata maka, kafin ka ƙarasa an ce: "Subhanallahi, uwa ce fa, ka yi haƙuri." Nan maganar take mutuwa, ciwon kuma ya ci gaba da cin mai shi. Na zauna da isassun masu wannan ciwo da na tabbata ba kaɗan ba ne, kuma yawancinsu masu tsoron Allah ne da suke neman yadda za su sauke haƙƙin uwa ba tare da sun rasa lafiyarsu ko aurensu ba. Dominsu na yi wannan rubutu.

Wace irin wuya ake nufi?

Ba faɗan yau da kullum ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma uwar da ta yi maka faɗa don ka kwana biyu ba ka leƙo ba tana kan gaskiyarta. Abin da ake nufi shi ne halin da ya zauna shekara da shekaru, wanda duk abin da ka yi ba ya gyara shi.

Yakan zo ta fuskoki da yawa. Akwai uwar da ba ta taɓa yaba maka ba, kome ka kawo sai ta ce wane ya kawo wa uwarsa wanda ya fi shi. Akwai mai fifita ɗa ɗaya a fili, ta karɓa daga hannunka ta miƙa masa, in ka yi magana ka zama mai baƙin ciki da ɗan'uwanka. Akwai mai shiga cikin aure har ɗakin kwana, ita ke yanke abin da za a dafa da sunan da za a raɗa wa jariri. Akwai wadda sirrinka ba ya kwana a bakinta. Akwai kuma wadda makaminta ɗaya ne, da zarar an saɓa sai ta ɗaga shi: "Ko ka yi abin da na ce, ko in ɗebe maka albarka." Wata kuma ba ta zagi, ba ta gori, sanyi ne kawai: ka girma ba ka san dariyarta ba, ba ka san hannunta a kanka ba.

Daga ina wannan hali yake fitowa?

Sanin asalin abu ba ya wanke mai laifi, amma yana rage wa wanda aka cuta nauyin tambayar da ta fi damunsa, wato "me na yi mata?" Sau da yawa amsar ita ce ba ka yi komai ba. Ka iso duniya ne ka tarar da mace mai ɗauke da kayan da suka fi ƙarfinta.

A fara da shekarunta. Asusun kula da ƙananan yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna macen Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya tsakanin shida da bakwai a rayuwarta. Wannan a zamaninmu ke nan, balle zamanin iyayenmu. Ka lissafa shekarunka da nata. Mai yiwuwa ka tarar wadda kake jira ta ba ka natsuwa yarinya ce 'yar shekara 15 lokacin da ta haife ka, a gidan da ba ta san kowa ba, ƙarƙashin surukar da take tsoro.

Sai zaman kishi. A gidan da mata uku ke gasa a kan mutum ɗaya, 'ya'ya sukan zama abin auna daraja. Ɗan ɗakin da ya ci jarrabawa ya ɗaga uwarsa, wanda ya faɗi ya ba 'yan uba abin dariya. Uwar da ta yi shekara talatin a wannan fage ba ta iya daina auna 'ya'yanta da na wasu don kawai maigida ya rasu an raba gado. Idan kuma aurenta da mahaifinka ya mutu da ɓacin rai, kai kuma ka ɗauko kamanninsa ko muryarsa, wani lokaci fushin da take yi da shi ne yake sauka a kanka.

Akwai kuma abin da al'adarmu da kanta ta dasa, kuma wannan ya kamata a tsaya a kansa. Kunyar ɗan fari ta hana uwa kiran sunan ɗanta, ta hana ta wasa da shi a gaban mutane, ta hana ta nuna damuwa ko ciwo yake yi. Baba, matar nan da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a littafin Baba of Karo da ya fito a 1954, ta bayyana wannan kunya da kuma yadda ake ba da yara riƙo bayan yaye a matsayin abin da kowa ya saba da shi. Bayan shekara sittin, Abubakar Adam Ibrahim ya gina littafinsa Season of Crimson Blossoms na 2015 a kan Hajiya Binta, wadda ɗanta na fari ya mutu ba ta taɓa kiran sunansa ba, nadamar ta bi ta har tsufa. A da, al'adar tana da abin da ke cike giɓin: kaka ko gwaggo ko kishiyar uwa ta ɗauki yaron ta shagwaɓa shi. Yanzu gidajen gandu sun watse, kunyar ta rage a wasu gidaje, masu cike giɓin kuma babu su. Yaro ya tashi yana ganin ƙannensa a cinyar uwa shi ko kallo bai samu ba, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa wannan alkunya ce. Haka wanda aka ba da riƙo yana shekara biyu ya dawo yana goma sha biyar: shi da mahaifiyarsa baƙin juna ne, kowa na jin ɗayan ne ya ƙi shi.

Sannan rashin lafiya, wadda mu ba mu cika kiranta da sunanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar da suka haihu tana fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Iyayenmu da suka shiga wannan hali an ce musu iska ce ko baƙin hali, aka yi musu turare, suka ci gaba da reno a haka. A ɗaya ɓangaren kuma akwai tsufa. Idan mahaifiyarka da can mai sauƙin kai ce, sai bayan ta manyanta ta fara zargin an sace mata kuɗi, tana maimaita tambaya ɗaya, tana zagin wanda ke yi mata hidima, to a kai ta likita ya duba ko ciwon mantuwa ne. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma zargi da saurin fushi suna cikin alamominsa.

Me addini ya ce?

Nan ne mutane suka fi rikicewa, domin an haɗa musu abu biyu a kalma ɗaya. Akwai kyautatawa, akwai biyayya. Kyautatawa ba ta faɗuwa kome halin uwa. Biyayya kuwa tana da iyaka.

Girman haƙƙin uwa ba abin jayayya ba ne. Suratul Isra'i ta hana ɗa ko da nuna ƙosawa da iyayensa da suka tsufa. A hadisin Bukhari da Muslim, mutumin da ya tambayi wanda ya fi cancantar kyakkyawan zamansa an ambata masa uwa sau uku kafin uba. Duk wanda zai ba ka shawarar da za ta sa ka wulaƙanta mahaifiyarka, ka bar shawararsa.

Amma dubi yadda sahabbai suka yi da iyaye mata masu wuya. Mahaifiyar Sa'ad bin Abi Waƙƙas ta rantse ba za ta ci ba, ba za ta sha ba, sai ya bar Musulunci, kuma hujjarta ita ce ai addinin nasa ya umarce shi da bin iyaye. Sa'ad bai bi ta ba. Ayar da ta sauka a kan irin wannan, wadda ke cikin Suratu Luƙman, ta haɗa umarni biyu a wuri guda: kada a bi su a wannan, kuma a zauna da su a duniya da alheri. Asma'u 'yar Abubakar mahaifiyarta ta zo mata Madina tana kan shirka, ta tambayi Manzon Allah (SAW) ko ta sada zumunci da ita, ya ce ta sada. Abu Huraira ya je wurinsa yana kuka saboda mugun abin da mahaifiyarsa ta faɗa, ba a ce masa ya yi shiru don uwa ce ba. An saurare shi, aka yi mata addu'a, ta musulunta. Wannan ƙissa ta ƙarshe ita na fi son masu cewa "uwa ce fa" su riƙa tunawa. Kai kukanka ga wanda zai taimaka ba saɓa wa iyaye ba ne.

Kuma haƙƙi ba ta gefe ɗaya yake tafiya ba. Lokacin da mahaifin Nu'umanu bin Bashir ya so ya ba shi kyauta shi kaɗai ban da sauran 'ya'yansa, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida, ya umarce shi da adalci tsakanin 'ya'ya. Don haka wanda fifiko ya yi wa ciwo ba ƙirƙirar ciwon ya yi ba. Masu karatu Kiristoci ma sun san babi na shida na wasiƙar Afisawa, inda umarnin girmama iyaye ya zo tare da gargaɗin kada iyaye su tsokani 'ya'yansu su yi fushi.

Idan ta ce za ta tsine fa?

Wannan tsoro ne ya fi ɗaure mutane, kuma ba tsoron banza ba ne. Ƙissar Juraiju, mai ibadar da mahaifiyarsa ta kira shi yana nafila ya ƙi amsawa ta yi masa baki ya kama shi, tana cikin Bukhari da Muslim. Bakin uwa abin kiyayewa ne.

Sai dai akwai wasu hadisai biyu a Sahihu Muslim da ba a cika karanta wa iyaye su ba. Ɗaya ya hana mutum yi wa kansa ko 'ya'yansa ko dukiyarsa mummunar addu'a. Ɗaya kuma ya nuna ana amsa wa bawa addu'arsa matuƙar bai roƙi zunubi ko yanke zumunci ba. A kan haka malamai da dama suka bayyana cewa tsinuwar da aka yi bisa zalunci, a kan ɗan da bai saɓa wa Allah ba kuma bai tauye haƙƙi ba, ba ta zama kamar wadda aka yi da gaskiya. Allah da ake roƙo ya san wanda aka zalunta. Abin da ya rage gare ka shi ne ka binciki kanka da gaske, domin zuciya ta iya wanke mai ita. Ka je wurin malami mai ilimi da sanin rayuwa, ka gaya masa duka labarin har da inda kai ka yi kuskure, ya faɗa maka matsayinka.

Tsakanin uwa da mata, tsakanin uwa da miji

Aure da yawa sun mutu a kan jumla ɗaya: "Ko ni ko ita." Masu cewa dole a bi sukan kawo labarin Abdullahi ɗan Umar da mahaifinsa ya sa ya saki matarsa. An kawo wa Imamu Ahmad wannan hujja, ya nuna wa mai tambayar cewa ba zai saki matarsa don mahaifinsa ya ce ba sai in mahaifin nasa ya kai Umar adalci da tsoron Allah. Ibnu Taimiyya kuma da aka tambaye shi game da uwar da ta ƙi surukarta ba dalili, ya ce ɗan ya ci gaba da kyautata wa uwarsa, amma sakin matar ba ya cikin kyautatawar.

Namijin da ke tsakiya ya daina zama ɗan aike. Kada ya kai wa uwa abin da mata ta ce, kada ya kawo wa mata abin da uwa ta ce. Kada ya bar matarsa ta zama ita ce mai ce wa mahaifiyarsa a'a. In akwai a'a, daga bakinsa za ta fito. In da hali a raba tukunya, in da ƙarin hali a raba gida. Mace kuma da mahaifiyarta ke zuga ta a kan mijinta, ko take ce mata ta koma gidan da ake dukanta don kada a ce 'yarta ta yi zawarci, ta sani tana da waliyyai, tana da kawunnai, akwai Hisba a wuraren da take aiki, akwai kotu. Haƙuri da duka ba ya cikin biyayyar uwa.

To, me mutum zai yi a aikace?

Abu na farko shi ne mafi ɗaci: ka daina jiran ranar da za ta canza. Mutane da yawa suna shekara hamsin suna ƙara kyauta, suna ƙara hidima, suna jiran kalmar "Allah ya yi maka albarka, na gode" da ba ta zuwa, kullum su dawo da sabon rauni. Hali zanen dutse ne, musamman a wanda ya haura sittin. In ta canza, alhamdulillahi. In ba ta canza ba, ka yi hidimar don Allah da don ita, ka nemi yabo da lallashi a wurin waɗanda Allah ya ba ka masu iya bayarwa: gwaggo, yaya, abokin zama, amini.

Na biyu, ka san inda wutar take tashi. Yawanci maganganu biyu ne ko uku: kuɗi, aure, wani ɗan'uwa. Ba wajibi ba ne uwa ta san albashinka, ko saɓanin da kuka yi da mijinki daren jiya. Riƙe sirri ba ƙarya ba ce. Abin da za ka ba ta ka tsayar da shi, kaza a wata, ya isa a kan lokaci ba sai ta tambaya ba. Wannan kaɗai yana kashe rigima da yawa. Idan ta nemi abin da ba za ka iya ba, ba ka bukatar doguwar muhawara. "Hajiya, wannan ba zan samu iko ba, amma ga abin da zan iya." Za ta yi fushi. Ka bar ta ta yi, gobe ka kira ka gaishe ta kamar kullum. Hausawa sun iya ƙin abu cikin ladabi tun kafin a haife mu. Durƙuso da tausasa murya ba sa hana mutum tsayawa a kan maganarsa.

Na uku, ka auna ziyara da abin da zuciyarka za ta iya ɗauka. Awa ɗaya da aka rabu lafiya ta fi kwana uku da aka ƙare da kuka. Ka je da jika, ko lokacin da akwai baƙi, in ka san idon mutane yana tausasa ta. Idan zagi ya fara, ka nemi izini ka tashi kafin bakinka ya furta abin da za ka yi shekara kana nadama.

Na huɗu, kusan kowace uwa tana da wanda take jin nauyinsa: yayanta, aminiyarta ta ƙuruciya, malamar Islamiyyarsu, limamin unguwa. Magana ɗaya daga irin waɗannan takan yi abin da naka dubu ba su yi ba. A zaɓi mai riƙe sirri, wanda ba zai je ya kunyata ta ba, domin uwar da ta ji an kai ƙararta takan ƙara tauri.

Yaushe nisa ya zama dole?

A Amurka, binciken da Karl Pillemer na Jami'ar Cornell ya wallafa a 2020 ya gano kashi 27 cikin 100 na manya sun yanke hulɗa da wani ɗan'uwa na jini, kuma shawarar yanke uwa gaba ɗaya ta cika shafukan intanet da matasanmu ke karantawa. Ban ga wannan a matsayin mafita gare mu ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma waɗanda na sani da suka gwada ba su samu natsuwar da suka nema ba. Amma tsakanin yankewa da zama a ƙarƙashin cuta akwai fili mai faɗi. Idan akwai duka, ko ana cutar da 'ya'yanka, ko lafiyarka ta fara taɓuwa, kana iya komawa wata unguwa ko wani gari, gaisuwa ta ci gaba, aike ya ci gaba, in ta kwanta ciwo a gan ka. Wannan ba yanke zumunci ba ne.

In kuma ka kai ga rashin barci, kuka ba dalili, faɗuwar gaba da ba ta tsayawa, ko tunanin gara mutuwa, ka je asibiti ba tare da jinkiri ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen masu ba da shawara. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma ba ya hana addu'a.

Abin da ke hannunka

Ba kai ka zaɓi yadda aka rene ka ba, amma yadda za a reni 'ya'yanka yana hannunka yau. Mata da yawa sun gaya mini ranar da suka fi tsorata ita ce ranar da suka ji muryar mahaifiyarsu tana fita daga bakinsu a kan 'yarsu, kalma da kalma. Idan hakan ta faru, ki kira yarinyar ki ce kin yi kuskure. Girmanki ba zai ragu ba. Ki kira ɗanki na fari da sunansa, ko da a ɗaki ne ku biyu. Kada kuma a cusa wa jikoki ƙin kakarsu, domin sau da yawa macen da ta kasa tausasa wa 'ya'yanta takan tausasa wa jikoki, kuma suna da haƙƙin samun wannan.

Wanda mahaifiyarsa ta riga ta rasu ba su daidaita ba, ƙofar addu'a da sadaka da kyautata wa 'yan'uwanta da ƙawayenta a buɗe take.

Ku kuma malamai da dattawa da ake kawo wa irin wannan kuka, don Allah ku bar mutum ya ƙarasa maganarsa kafin ku ce ya yi haƙuri. Ku tambaye shi abin da ya faru. Idan kun hau mumbari kun yi wa'azin haƙƙin iyaye, ku ware wata Juma'ar ku yi na haƙƙin 'ya'ya, iyaye mata suna ji.